Yadda ake zaɓen makarin zafi na silin ɗin tsohuwar motar kwana a Kano

Zafin da ke hana mutum zama a cikin tsohuwar bas daga sama yake saukowa. Kano tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka a ƙarshen watan Afrilu rana tsakar ka take bi, kuma da tsakar rana kowace murabba'in mita ta rufin mota tana shan wajen wat 1,000 na hasken rana. Rufin doguwar Hiace ya kai murabba'in mita 7 zuwa 8, na Coaster ya haura 12. A ranar da ma'aunin zafi ya nuna digiri 41 a inuwa, ƙarfen rufin mota mai duhun fenti yakan kai 70, wani lokaci ya wuce.

Wannan bayani na masu motar kwana ne, ko irin wadda ake shigowa da ita daga Turai da gadonta da wurin girkinta, ko tsohuwar Hiace, Coaster ko J5 da aka cire wa kujeru aka mayar da ita ɗaki domin fatauci, rangadin wa'azi, aikin fim a ƙauye ko asibitin tafi-da-gidanka. Yawancin shawarwarin da za ka gani a intanet mutanen Turai da Amurka ne suka rubuta su, su kuwa sanyi ne damuwarsu. Mu abu uku ne ke gabanmu: ƙarfe mai zafin da ke narkar da gam, ruwan damina da ke ɓuya a bayan silin, da jijjigar hanya. Duk abin da ba zai jure ukun nan ba, kada kuɗinka ya tafi a kansa, komai kyansa a hoto.

Sauke tsohon silin kafin ka je kasuwa

Ba a zaɓen makari, wato abin da ake sawa tsakanin rufi da silin don ya tare zafi, sai an ga abin da za a manna shi a kai. Sa takunkumi, safar hannu da tabarau, domin abin da zai zubo maka ƙurar hunturun shekaru ne da kashin ɓera, wani lokaci har da tsohuwar audugar gilashi mai sa ƙaiƙayi. Ɗauki hoton wayoyin wuta da wayarka kafin ka taɓa su. Kowane falle ka sauke ka rubuta masa lamba ka ajiye, da shi za ka zana sabon.

Rufi iri biyu za ka tarar. Na bas ƙarfe ne zalla, mai ɗan lanƙwasa, da haƙarƙarin ƙarfe a gicciye. Na motar kwanan da kamfani ya haɗa kuwa, irin waɗanda aka gina a kan Fiat Ducato, Peugeot J5 ko Marsandi 207 a shekarun 1980 zuwa 1990, yawanci hawa uku ne manne da juna: siririn alminiyom a waje, farin kumfa a tsakiya, siririn falanki a ciki, da firam na katako. A irin wannan, silin ɗin yana cikin abin da ke riƙe da rufin, don haka ba a ɓalle shi gaba ɗaya. Bi shi da babban yatsa kana dannawa, musamman kusurwoyi da kewayen tagar sama. Inda ya lotsa, ko ya yi baƙin tabo, ko kake jin warin rima, nan za ka buɗe. Soka sukundireba a katakon firam: in ta shige ba da ƙarfi ba, ya ruɓe, sai an sauya. Inda yake da ƙarfinsa ka bar shi, ka ƙara sabon makari daga ƙasansa.

Yoyo, tsatsa, walda da waya

Mutum biyu ake bukata. Ɗaya ya hau tsani da tiyo, ɗaya ya zauna ciki da tocila. A fara zuba ruwa daga gefen rufi a hankali, ana matsawa sama, ana daɗewa a kowane wuri, domin ƙaramin yoyo ba ya nunawa nan take. Wuraren da suka fi yi su ne magudanar ruwa ta gefen rufi, ramukan da aka ɗaure ƙarfen ɗora kaya, gindin eriya, da inda fallen ƙarfe biyu suka haɗu.

Tsatsa a kankare ta da burushin waya da sanfefa har ƙarfe ya fito fes, a shafa jan fentin hana tsatsa irin wanda masu walda ke shafa wa ƙofofi, a bar shi ya bushe sosai. Wajen toshe haɗi kada a yi amfani da silikon ɗin nan mai warin tsami. Yana cin ƙarfe, fenti kuma ba ya kama shi. A nemi na foliyuretan, irin su Sikaflex 221, wanda ke jure zafi har wajen digiri 90 kuma yana karɓar fenti.

Duk wata walda a gama ta yanzu: ƙafafun sola, ramin fanka, ƙarfen ɗora kaya. Da zarar kumfa ya hau rufi, mai walda bai kamata ya sake kusantar wurin ba, tartsatsi ɗaya ya isa ya tada gobarar da ba a gani sai ta ci ƙarfi. Haka rewaya, ya zo ya ja wayoyinsa cikin bututun roba mai lanƙwasa, kowane layi da fis ɗinsa. Akwai dalili na musamman: robar da ke jikin waya idan ta daɗe tana gogar farin kumfa, sinadarin da ke sa ta laushi yana tsotsewa cikin kumfan, wayar ta bushe ta fara tsagewa. Ka sa ya bar bututu ɗaya da igiya a ciki saboda ranar da za ka ƙara fitila.

Awo

Auna zurfin haƙarƙari a tsakiya da kuma gefe, ba ɗaya suke ba. A yawancin bas za ka samu tsakanin santimita 2 zuwa 4, wannan shi ne filin da kake da shi kyauta. Abin da ya wuce haka daga tsayin ɗaki za a ciro shi. In motar mai dogon rufi ce da ake miƙewa a ciki, tsaya da takalminka da hularka ka ga nawa ya rage. Sannan ka ninka tsawo da faɗi, ka ƙara kashi 15 cikin 100 saboda asarar yanka.

Abin da ke kasuwa, da halin kowanne

A jikin kwali ko takardar kowane makarin kirki akwai lambar da ke nuna yadda zafi ke ratsa shi. Za ka ga irin su 0.023 ko 0.038. Ƙaramar lamba ita ce mai kyau. In ka raba kaurin abin, a mita, da wannan lamba, ka sami ƙarfin tare zafinsa. Abu na biyu da za ka tambaya shi ne ko ƙananan ramukan iskar da ke cikinsa a rufe suke ko a buɗe. Mai rufaffun ramuka ba ya shan ruwa, mai buɗaɗɗu yana sha yana riƙewa.

Soson katifa shi za a fara yi maka tayi. Mai ɗinkin kujerun mota zai ce, "Alhaji, a sa soso mai kauri a rufe da leda, haka muke yi wa kowa." Ba ƙarya ya yi ba, haka suke yi, kuma ranar da aka gama aikin yana da kyan gani. Amma soso buɗaɗɗun ramuka gare shi. Yana shan ruwa ya manna shi a jikin ƙarfe har tsatsa ta huda rufin, zafi yana mayar da shi gari yana zubowa, wuta kuma tana kama shi da sauri da hayaƙi mai guba. Ka ce masa, "Malam, a bar soson a kujera." Ɗinkin yadin ƙarshe dai shi za ka ba, nan ne gwanintarsa.

Audugar gilashi, mai launin rawaya ko ruwan hoda da ke zuwa a naɗe, lambarta wajen 0.040, ba ta da tsada, ba ta kuma cin wuta. A silin ɗin gida tana aiki. A mota jijjiga tana tattara ta gefe guda ta bar wasu wurare fayau, in ta jiƙe ta daina tare zafi, ɓeraye suna sheƙa a ciki, ƙurarta kuma tana saukowa kan mai barci ta kowace kafa. Ba na ba da shawararta. Audugar dutse ta fi ta tsayawa da jure wuta, sai dai nauyi, wurin da nake ganin amfaninta shi ne ɗan filin da ke saman murhu, a rufe ta da fallen ƙarfe.

Farin kumfa, irin wanda ake tallafe talabijin da shi a kwali, ana rubuta masa EPS. Lambarsa 0.035 zuwa 0.040, ba nauyi, ga araha, ga saukin samu. Matsalarsa a garin nan ita ce yana fara laushi da motsewa daga wajen digiri 75 zuwa 80, kuma ka ga inda baƙin rufi yake kaiwa. Fetur, tina da gam mai ƙarfin wari duk suna narkar da shi. Yana kuma yin ƙara idan yana gogar ƙarfe a hanya. Ɗan'uwansa XPS, allo mai santsi mai launin shuɗi, ruwan hoda ko kore, ya fi shi ƙarfi da ƙin ruwa, lambarsa 0.030 zuwa 0.035, amma iyakar zafin da yake ɗauka kusan ɗaya ce. Su biyun nan ƙarƙashin farin rufi kawai na yarda a sa su.

Allon PIR, kumfa ruwan ƙwai mai tauri da takardar alminiyom a fuska biyu, shi ne ya fi kowa tare zafi a ɗan kauri. Lambarsa wajen 0.023, yana jure zafin da ya haura digiri 100, ba ya shan ruwa sosai. Kaurin milimita 25 nasa ya kusa yin aikin milimita 40 na farin kumfa. Ga lissafi na kusa-kusa: rufi mai murabba'in mita 7 da ya kai digiri 70, cikin mota kuma 35, in ba makari yana sauko maka da sama da wat 1,500 na zafi. Da PIR milimita 25 zai koma wajen 200. In ka ninka kaurin zuwa 50, zai sauka wajen 100. Wato inci na farko, milimita 25 ɗin nan, shi ke yin mafi yawan aikin, na biyu ƙari ne, ba sai ka sunkuyar da kanka har abada saboda shi ba. Aibinsa ba ya lanƙwasa, kuma ba kowane shago ke da shi ba. Tambayi masu haɗa ɗakunan sanyi na kifi da kaji da masu aikin manyan esi na ma'aikatu, su suka san inda ake samu. Fallen ɗakin sanyi da kansa, mai ƙarfe ciki da waje, ya yi wa rufin mota nauyi.

Baƙar robar nan mai laushi da masu gyaran esi ke naɗe bututu da ita, wadda suke ce wa insuleshan, ana yin ta falle-falle da kuma a naɗe, kaurin milimita 6, 10, 13, 19, 25 har 32. Armaflex da K-Flex su ne sunayen da aka fi sani. Lambarta wajen 0.036, ramukanta a rufe, tana bin lanƙwasar ƙarfe ta manne ba kafa, tana rage ƙarar ruwan sama da rurin ƙarfe, an kuma yi ta ne domin wurin da ke gumi. A rufin bas ita nake fifitawa. Tana da tsada, kuma akwai jabu da yawa masu kama da ita a ido.

Sai leda mai ƙurajen iska da aka lulluɓe da takardar alminiyom mai ƙyalli. Ita ce aka fi yaudarar mutane da ita. Ƙyallin yana mayar da zafi ne kawai idan akwai sararin iska a gabansa, wajen santimita 2. In aka manna ta a jikin ƙarfe aka danne da falanki, ƙyallin ya tashi a banza, saura 'yan milimitocin leda. Wurinta gilashin gaba da tagogi, a can kam tana aiki sosai.

Silin ɗin roba na PVC marufi ne kawai, ba ya tare zafi, kuma yana lanƙwashewa in ya kusanci ƙarfe mai zafi. POP zai farfashe tun kafin ka fita daga gari. Tsohon allon asbestos kuwa ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa, ƙurarsa tana jawo cutar huhu da ciwon daji.

To me za ka ɗauka?

In bas ce mai lanƙwasasshen rufin ƙarfe, baƙar roba milimita 19 manne a jikin ƙarfen kai tsaye. In zurfin haƙarƙari ya bar fili, ƙara wani falle a kai, ko siririn PIR. Sannan ka bi kan haƙarƙarin da kansu da mai milimita 6 ko 10. Mutane da yawa suna tsallake wannan, alhali ƙarfe yana ratsar da zafi fiye da kumfa sau dubu da wani abu. Haƙarƙarin da aka bari tsirara za ka ji su layi-layi da tafin hannu a jikin sabon silin.

In motar kamfani ce mai shimfiɗaɗɗen rufi, allon PIR da aka yanka daidai tsakanin katakan firam. In aljihu bai kai ba, fara da farin fenti a waje, sannan farin kumfa milimita 25 zuwa 40, da wayoyi a bututu. Wannan ya fi soso nesa ba kusa ba.

Kayan ƙarfe, sukuru, ribit da fenti akwai su a Ƙofar Ruwa. Falanki da katako 'Yan Katako ta Na'ibawa. Baƙar roba da tef ɗin alminiyom ka zaga shagunan kayan firij da esi na Sabon Gari. Yadin rufewa kuma Kantin Kwari.

Gwaji uku kafin ka sayi da yawa

Sayi ɗan guntu ka kai gida. Yanka uku.

Na farko ka danna shi cikin bokitin ruwa, ka ɗora dutse, ya kwana. Da safe ka goge bayansa ka matse. In ruwa ya fito daga cikinsa, ba naka ba ne.

Na biyu ka fita tsakar gida, nesa da komai, da ruwa a kusa, ka riƙe shi da filaya ka kanga masa ashana, sannan ka janye. Mai kyau zai ƙone inda wutar ta taɓa ya mutu da kansa. Wanda ya ci gaba da ci yana ɗigo da wuta, ka tuna a saman fuskarka zai kwana. Kada ka shaƙi hayaƙin. Ka kuma sani cewa ko wanda ya ci wannan gwaji zai iya ƙonewa a babbar gobara, shi ya sa ba a barin kowane kumfa a buɗe.

Na uku shi ne wanda ya fi muhimmanci a Kano, domin gam yake gwadawa. Sami guntun ƙarfe mai duhun fenti wajen fanel bita, manna makarin a ƙasansa da ainihin gam ɗin da za ka yi aiki da shi, ɗora shi a kan bulo biyu a rana, ƙarfen yana sama, makarin yana rataye a ƙasa. Bar shi mako guda. Kullum da azahar, lokacin da ya fi zafi, ka ja gefensa da yatsa. In gam ɗin ya yi danƙo yana saki, ko kumfan ya motse, ka tsira da kuɗinka. Silin da yawa da ka ga sun zazzago sun yi tumbi a cikin motoci, makarin lafiyarsa ƙalau, gam ne ya sake. Gam ɗin takalmi da na kafinta ba a yi su don zafin rufi ba. Nemi wanda aka rubuta yana jure digiri 90 ko sama, kamar Armaflex 520 ga baƙar roba, ko na foliyuretan ga allo. Robar da ke zuwa da gam ɗinta a baya, ka ɓare ka manna, tana sauƙaƙa aiki, amma wadda ta daɗe a shago mai zafi gam ɗinta yakan mutu, ita ma sai ta bi ta wannan gwaji. Araha ba ta ado, a nan kam gwangwanin gam mai tsada ya fi sake aikin gaba ɗaya sauƙi.

Mannawa

Yi aikin da sassafe, a inuwa, ƙarfe da sanyinsa. Buɗe duk ƙofofi, domin tururin gam yana bugarwa kuma yana kama wuta: ba sigari, ba janareta a kusa, ba mai walda a gefe. Goge ƙarfen ya rabu da ƙura da maiƙo, ya bushe.

Ga baƙar roba, yanka kowane falle daidai tsakanin haƙarƙari biyu da wuƙa mai kaifi, ka ƙara 'yan milimitoci don ya shiga a matse. Shafa gam siriri a ƙarfe da kuma robar, jira har ya daina bin yatsa, sannan ka fara mannawa daga tsakiya kana bi zuwa gefe, kana dannawa da abin murzawa. Kada ka ja ta tana miƙewa, za ta koma daga baya ta bar kafa. Kada kuma ka bar aljihun iska a bayanta, nan raɓa take taruwa. Kar ka raina raɓar nan: mai barci ɗaya yana fitar da fiye da kofin ruwa a dare ta numfashi da gumi, kilo ɗaya na gas ɗin girki kuma in ya ƙone yana sakin wajen lita ɗaya da rabi na ruwa a iska. Da asubahin damina, in ƙarfe ya huce, wannan laimar jikinsa take nema.

Ga allo, in rufin yana da ɗan lanƙwasa, tsaga bayan allon layi-layi, tazarar santimita 10, zurfin rabin kaurinsa, zai bi. Sa gam layi-layi, ɗaga shi, ka tokare da sanduna daga ƙasa da ɗan falanki a kai don kada su huda shi, ya kwana a haka. Bi duk haɗi da tef ɗin alminiyom. Kumfan fesawa na gwangwani a yi hattara da shi, 'yar kafa kawai ake cikewa. In aka ɗura shi cikin haƙarƙari ko ginshiƙan gefe, yana kumbura ya turo ƙarfe waje, ya kuma toshe hanyoyin da aka bari don ruwa ya fita.

Kada ka shimfiɗa leda a ƙarƙashin makarin don ka hana laima, kamar yadda za ka gani a wasu hotunan ƙasashen sanyi. Ƙarfen rufi ya riga ya toshe sama. In ka toshe ƙasa ma, ranar da yoyo ya dawo ruwan ba shi da mafita.

Rufewa

Gam kaɗai ba a dogara da shi. Ɗaura siraran katakai a jikin haƙarƙari da ribit ko gajeren sukuru, su za su riƙe silin su kuma tallafi makarin. Kafin ka huda, naɗa tef a bakin abin hudawa daidai zurfin da kake so, ko ka zura masa guntun bututu, domin kada ya zarce ya ɓulla ta saman rufin da ka gama toshewa.

Falanki mai kaurin milimita 3 ko 4 ya isa. Falle ɗaya mai ƙafa 4 da 8 a wannan kauri bai wuce kilo 6 ko 7 ba, mai milimita 12 kuwa ya kusa kilo 20. Nauyi a can sama yana sa mota tangaɗi a kwana, balle tsohuwa mai gajiyayyun sifirin. Shafa masa banish fuska biyu da gefuna kafin a ɗaura, da maganin gara in motar takan daɗe a ajiye. A ɗaura da sukuru, ba ƙusa ba, don a iya kwancewa. Bar 'yar kafa a gefuna saboda iska, ka kuma yanka ƙaramar ƙofar leƙawa guda biyu, ɗaya kusa da tagar sama ko fanka, ɗaya a kusurwar baya.

Abin da ke waje ya kai na ciki muhimmanci

Farin fenti yana mayar da kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na hasken rana, mai duhu kuwa kusan duka yake shanyewa. Babu makarin da zai ba ka irin wannan ribar a kuɗi kaɗan haka, kuma shi ke kare gam da kumfan da ke ƙasansa. Ko wane launi ne jikin motar, rufin dai ya zama fari. A riƙa wanke shi, domin ƙurar hunturu tana mayar da shi ja ta rage masa aiki. Sola da aka ɗaga 'yan santimitoci daga rufi inuwa ce, haka tamfol da aka ɗaure a kan ƙarfen ɗora kaya iska tana bi ta ƙasansa lokacin da aka tsaya. In da darbejiya a kusa, a shiga ƙarƙashinta.

Makari ba ya kawo sanyi, jinkirta zafi yake yi. Wanda ya tashi a cikin gari ya san ɗakin soro: da rana ya fi na kwano daɗin zama nesa, amma daren bazara sai an fito tsakar gida. Motar da aka yi wa makari aka rufe ruf ita ma za ta riƙe zafin da ya shiga ta gilashi da na jikin mutane. Dole a yi wa iska mai zafi hanya ta sama. Fankar rufi mai aiki da batir bolt 12, wadda ramin ta a motocin Turai yawanci santimita 40 da 40 ne, tana fitar da iska, sai a bar wata kafa a ƙasa ko taga mai raga saboda sauro, inda sabuwa za ta shigo. In ba mashiga, fankar wahala kawai take sha.

Da hunturu kuma makarin zai riƙe maka ɗumi, har ka ji kana so ka toshe ko'ina. Kada a kwana da garwashi ko gas a kunne a ciki, kada janareta ya tsaya kusa da taga. Iskar da ke kashe mutane a irin wannan hali ba ta da wari ba ta da launi. Sayi ƙaramar na'urar da ke ƙara idan ta taru, ka kafa kusa da gado, tukunyar kashe gobara kuma, wadda jami'an hukumar kiyaye haɗurra (FRSC) ma suke tambaya a hanya, ta zauna kusa da ƙofa inda hannu zai kai.

Bayan manyan ruwa biyu ko uku na farkon damina, buɗe ƙofofin leƙawar nan, ka haska tocila, ka zura hannu ka shafa gefen makarin da jikin haƙarƙari. Ka sake yi a ƙarshen Agusta, lokacin da ruwa ya fi yawa. In ka ji laima, ramin ba lalle yana saitin wurin ba, domin ruwa yana bin haƙarƙari ya gangara. Hau sama da tiyo ka bi daga wurin zuwa tsakiyar rufi har ka same shi, ka toshe daga waje, ka bar ƙofar leƙawar a buɗe fanka tana aiki har wurin ya bushe kafin ka mayar.